Sharhi a kan wani kundin zanen zambo na shugabannin cocin Ingila da ya iso mini Sakkwato

Shekara da shekaru ina koyar da tarihin ƙarni na 19 a nan Sakkwato, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne in sa ɗalibi ya ji a jikinsa cewa Ingilar da ta aiko mana da Lugga a 1903 ƙasa ce mai nata rikicin cikin gida, mai talakawa da ke kuka da haraji, mai malaman addini da ake zargi da cin dukiyar jama'a. Saboda haka da ƙanena da ke karatu a can ya gaya mini ya ga wani shagon sayar da tsofaffin hotuna a Landan yana sayar da kundin kwafin zane-zanen zambo da aka yi wa bishop-bishop da sauran limaman coci, ban yi wata-wata ba na ce ya saya ya riƙo mini idan zai zo hutu. Yau wata huɗu ke nan kundin yana hannuna, na shiga aji da shi, na nuna wa abokan aiki, na kai wasu daga cikin takardun an sa musu firam, don haka ina ganin na san shi sanin da zan iya faɗa wa mai niyyar saye abin da zai tarar.

Takardu 24 ne a cikin jakar kwali mai ƙarfi wadda ake ɗaurewa da zare, kowace takarda girman A3, mai kauri, launinta kuma ba fari fat ba ne, ya ɗan ja zuwa ruwan madara, kuma ba ta ƙyalli. Rashin ƙyallin nan ya yi mini amfani ƙwarai, domin ajinmu tagoginsa manya ne, kuma duk takardar da ke sheƙi ɗalibin da ke zaune a gefe ba ya ganin komai a kanta sai hasken rana. Bugun ya fita tas a mafi yawan takardun. Ja da shuɗi da ruwan ɗorawa sun zauna inda ya kamata, baƙin rigunan limamai bai dusashe ya koma toka-toka ba, ƙananan rubuce-rubucen da ke fitowa daga bakin mutanen da aka zana kuma suna karantuwa ba tare da tabarau mai ƙara girma ba. A wannan fanni ba ni da ƙorafi, wanda ya buga ya san aikinsa.

Ya kamata mai saye ya san cewa kwafi ne na injin zamani, kuma shagon bai ɓoye hakan ba. Na asali, waɗanda aka yi a farkon ƙarnin, yawancinsu a kan farantin tagulla ake aikinsu: a shafe farantin da wani irin kaki, mai zane ya bi da tsinin allura yana kankare kakin, a tsoma farantin a ruwan asid ya ci wuraren da aka kankare, sannan a cusa tawada a cikin ramukan a danne takarda mai laima a kai da injin matsi. Duk rubutun da za a karanta daidai a takarda sai an yi shi a juye a kan farantin. Launi kuwa da hannu ake sa shi, takarda bayan takarda, shi ya sa da wuya a sami kwafi biyu na asali da launinsu ya zo ɗaya sak, kamar yadda ba a samun jakar fata biyu daga hannun badukun Sakkwato da adonsu ya yi daidai ta kowace fuska. Matsin nan yana barin shaidar gefen farantin a jikin takarda, wadda yatsa ke iya ji. Babu wannan a kundina, kuma ban sa ran samunsa ba.

Laifi na farko, wanda kuma ya fi ɓata mini rai, shi ne an datse gindin takardu bakwai. Tun daga 1735 dokar Ingila ta kare haƙƙin masu zane ta shar'anta cewa a rubuta sunan mai mallakar zanen da ranar da aka fara buga shi a jikin farantin, shi ya sa a ƙasan kusan kowane zane na wancan zamani ake ganin wani siririn layi mai ɗauke da sunan mawallafi, da titin da shagonsa yake, da rana da wata da shekara. Ga malamin tarihi wannan layi shi ne isnadin hoton. Da shi ake sanin cewa wannan zane ya fito ne daga shagon Hannah Humphrey da ke titin St James, inda James Gillray ya yi yawancin aikinsa, wancan kuma daga shagon Thomas McLean da ke Haymarket, kuma da shi ake gane ko an zana abu kwana uku bayan wata ƙuri'a a majalisa ko shekara guda kafinta. Wanda ya shirya kundin ya yanke shi a waɗannan takardu don hoton ya cika shafi ya yi kyaun gani. Ya sami kyaun da yake so, ni kuwa na kwana biyu ina laluben intanet kafin in gano asalin biyar daga cikin bakwai ɗin, biyun da suka rage har yau ban san wanda ya zana su ba.

Idan aka zo ga abin da ke cikin zane-zanen, kashi mafi girma, kuma mafi daraja a wurina, shi ne na shekarun 1800 zuwa 1835, inda zambon ya ta'allaƙa a kan dukiya. Siffar da ke ta maimaituwa ita ce ta limami mai tumbi, jajayen kumatu, baƙar riga da faffaɗar hula, wani lokaci da ɗan alade a hammata, ga dammunan alkama an tara masa, a gefe kuma manomi ya tsaya hannu wofi. Ɗalibaina sun yi dariya da suka fara gani, amma dariyar ta tsaya da na bayyana musu ma'anar ɗan aladen. Ushiri ne. Dokar ƙasa ta wajabta wa mai gona ya ba limamin cocin gwamnati na yankinsa kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa da na 'ya'yan dabbobinsa, ko yana bin wannan coci ko ba ya bi, kuma a wurare da dama ana karɓa ne da kayan gonar kansu har zuwa 1836 lokacin da aka yi dokar mayar da shi kuɗi. Ɗan manomin gero daga Gwadabawa ko Wurno ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane zafin a ƙirga maka dammuna a ɗauke na goma. A Ayalan abin ya fi muni, domin mafi yawan jama'ar ƙasar 'yan ɗariƙar Katolika ne amma ana tilasta musu ciyar da limaman cocin Furotesta na gwamnati, kuma daga 1831 manoma suka yi ta ƙin biya har aka zubar da jini a wurare da dama.

Akwai takarda guda da ta jera bishop mai ƙiba kusa da ƙaramin limami ramamme mai yagaggen takalmi, kuma lissafin zamanin ya tabbatar da abin da mai zanen ya nuna. Binciken da gwamnati ta sa aka yi a kan kuɗin shigar coci, wanda aka fitar a 1835, ya nuna Akbishop na Canterbury da Bishop na Durham kowannensu yana samun kimanin fam 19,000 a shekara, alhali Bishop na Llandaff bai kai fam 1,000 ba, ƙananan limaman da ke yin ainihin aikin wa'azi da jana'iza da ziyarar marasa lafiya a ƙauyuka kuwa da yawansu ba su kai fam 100 ba. Mutum ɗaya yakan riƙe limancin garuruwa biyu ko uku ko fiye, yana karɓar kuɗinsu duka, yana zaune a wani wuri dabam, ya ɗauki ƙaramin limami ya ajiye a madadinsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba a taƙaita wannan al'ada da doka mai ƙarfi ba sai a 1838. Wanda ya san wannan zai ga cewa tumbin da aka zana hujja ce ake kafawa da hoto ga mutanen da ba su da kujera a majalisa.

Takardar da na fi daɗewa a kanta ita ce ta George Cruikshank ta 1819, ta limamin da yake kuma alƙali. Mutum ɗaya ne mai fuska biyu, baya da baya: ta ɗaya ɓangaren yana kan mumbari yana ɗaga gicciye yana wa'azi, ta ɗaya ɓangaren kuma yana kan kujerar shari'a riƙe da bulala da mari da gungumen rataya. Asalinta shi ne abin da ya faru a Manchester ranar 16 ga Agustan 1819, lokacin da mutane kimanin 60,000 suka taru a filin St Peter suna neman a gyara tsarin zaɓe, alƙalan gari suka tura musu mahaya dawaki da takubba, aka kashe aƙalla mutum 15 aka raunata ɗaruruwa. A cikin alƙalan nan akwai limaman coci biyu, William Hay da Charles Ethelston, kuma ba a yi wata shida ba aka ba Hay limancin Rochdale, ɗaya daga cikin mafi tsoka a ƙasar. Zanen ya fito ne a cikin wata 'yar ƙasida ta William Hone da ake sayarwa sule ɗaya, wadda aka yi ta sake bugawa har sau fiye da 50. Hone ɗin nan shi ne wanda gwamnati ta gurfanar sau uku a cikin kwana uku a jere a Disambar 1817 bisa zargin saɓo, don ya kwaikwayi salon addu'o'in coci ya soki ministoci, kuma sau uku masu taya alƙali yanke hukunci suna wanke shi. Abin takaici shi ne wannan takarda ce bugunta ya fi rauni a kundin. Na asalin ƙarami ne, sassaƙar katako ce baƙi da fari da ba ta cika shafin ƙaramin littafi ba, sai aka buɗa ta har ta cika A3, layukan suka yi kauri suka rasa kaifinsu. Da an bar ta a girmanta na asali a tsakiyar farar takarda da ta fi ƙarfi.

Takardu uku sun shafi shekarar 1831, kuma a nan ne fushin ya kai maƙura. Bishop-bishop na cocin Ingila suna da kujeru a majalisar iyayen ƙasa saboda muƙaminsu, kamar yadda 26 daga cikinsu ke da su har yau. A ranar 8 ga Oktoban 1831 wannan majalisa ta yi watsi da ƙudurin gyaran zaɓe da ƙuri'a 199 a kan 158, wato ratar 41, kuma bishop 21 ne suka jefa tasu a kan ƙin amincewa, biyu kacal suka goyi baya. Kowa ya iya lissafin: da waɗannan 21 sun koma ɗaya ɓangaren da ƙudurin ya wuce da ƙuri'a ɗaya. Kafin watan ya ƙare an ƙone fadar bishop a Bristol, a daren 5 ga Nuwamba kuma, wanda a al'ada ake ƙona mutum-mutumin Guy Fawkes, mutumin da ya taɓa yunƙurin tarwatsa majalisa da albarushi, garuruwa da dama suka ƙona mutum-mutumin bishop ɗinsu, ciki har da na Henry Phillpotts na Exeter. Dokar ta wuce a 1832. Duk wannan babu ko kalma ɗaya a kansa a cikin kundin, kuma wanda bai san shi ba zai ga dai tsofaffi masu dogayen huluna ana tozarta su ba gaira ba dalili.

Wannan ne ya kawo ni ga babban abin da nake so in faɗa. Mu a nan, da zarar an ce an zana malamin addini don a yi dariya, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne zanen ɓatanci, kuma muna da dalilin da ya sa muke ƙyamarsa. Waɗannan na kashin farko ba su ne ba. Ban ga takarda ɗaya a cikinsu da ta taɓa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ko ta yi wa littafinsu izgili ba. Hasali ma yawancinsu da ma'aunin addinin suke auna limamin, suna cewa ga abin da kake karantawa a mumbari, ga kuma abin da kake yi da dukiyar marayu da manoma. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a garin Shehu. A daidai waɗannan shekaru Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, yana rubutu a kan miyagun malamai masu halatta wa sarakuna zalunci da kuma harajin da shari'a ba ta san da shi ba, ƙanensa Abdullahi kuma ya yi waƙa mai zafi yana kokawa da waɗanda suka shiga jihadi sannan suka karkata ga neman mulki da tufafi da dawaki, har ya bar rundunar ya nufi gabas ya tsaya a Kano. Bambancin yana ga hanya da ladabi. Namu malamai da ƙasida da waƙa da hujjar littafi suka yi, ba su zana fuskar kowa ba, kuma ni kaina ina ganin hanyarsu ta fi tsafta, domin zambo yakan wuce laifin mutum ya kama halittarsa, hancinsa da cikinsa, abin da ba shi ya yi wa kansa ba. Amma ciwon da ake kuka da shi iri ɗaya ne. Nakan tuna wa ɗalibai cewa lokacin da Hugh Clapperton ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, Bello ya tambaye shi ko su Nasɗurawa ne ko mabiya Sosinus, wato wasu ɗariƙu biyu na Kirista, Clapperton ya amsa cewa su Furotesta ne. Sarkin da ya yi wannan tambaya yana sane da cewa Kiristanci ba dunƙule yake ba, kuma a shekarar da yake tambayar, mutane suna cincirindo a tagogin shagunan Landan suna kallon irin waɗannan takardu da ke kan teburina.

Kashi na biyu dabam ne, kuma ban ji daɗin yadda aka cakuɗa shi da na farko ba tare da wata alama ba. Takardu shida ne da suka shafi 'yan Katolika, waɗanda a Ingilar wancan lokaci tsiraru ne da doka ta hana su zama a majalisa har zuwa 1829. Akwai zanen William Heath na wannan shekara, inda ya mayar da Firaminista Wellington da ministansa Robert Peel, waɗanda suka jagoranci cire wannan hani, su zama Burke da Hare, mutanen nan biyu na Edinburgh da suka riƙa shaƙe mutane suna sayar da gawarwakinsu ga masu koyar da tiyata, suna danne wata tsohuwa da ke wakiltar tsarin mulkin ƙasar, wadda aka ce shekarunta 141, wato daga 1688 da aka kori sarki ɗan Katolika daga mulki, ga kuma limamin Katolika yana shigowa ta ƙofa. Ta fuskar gwaninta zane ne mai ƙarfi, amma saƙonsa shi ne ba wa maƙwabcinka haƙƙinsa kisan kai ne. Sauran sun fito daga mujallar Punch, wadda aka kafa a 1841, kuma sun shafi hayaniyar 1850, lokacin da Fafaroma Pius na 9 ya maido da tsarin bishop-bishop na Katolika a Ingila ya naɗa Nicholas Wiseman Akbishop na Westminster. Firaminista John Russell ya rubuta wasiƙa ga Bishop na Durham yana hura wutar, aka ƙona mutum-mutumin Wiseman a tituna, aka yi doka a 1851 da ta hana su amfani da sunayen garuruwan Ingila a muƙamansu, dokar da ba a taɓa hukunta kowa da ita ba har aka soke ta a 1871. Mafi kyau a cikinsu shi ne na John Leech, wanda ya zana Russell a matsayin yaron da ya rubuta da alli a ƙofar Wiseman cewa ba a son Fafaroma sannan ya ranta a na kare, domin wannan ɗan siyasa ya kama. Ragowar kuwa tsoratar da jama'a ne da mutanen da ke zaune tare da su. Zafin abin ya kai Richard Doyle, ɗaya daga cikin manyan masu zanen mujallar kuma ɗan Katolika, ya ajiye aikinsa a 1850. A kashin farko mai rauni ne ke nuna mai ƙarfi da yatsa, a na biyu kuwa masu rinjaye ne suka taru a kan tsiraru, kuma kundin da ya zuba su a jaka ɗaya ya kira su duka barkwanci bai yi wa mai saye adalci ba.

Na nuna kundin ga wani abokin aikina ɗan ɗariƙar Angilika, wanda muka shafe shekaru muna raba ofis ɗaya, domin ban so in shiga aji da abin da zai sosa wa ɗalibanmu Kiristoci rai ba. Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan mai fuska biyun nan, sannan ya ce: "Malam, waɗannan na ushiri ka nuna su, tarihinmu ne kuma mun san shi. Na Fafaroma kuwa, idan za ka nuna, ka fara faɗa wa yara dalilin da ya sa aka yi su, kada ɗan Katolika ya zaci kai ne kake faɗa masa." Shawararsa na bi, kuma ita ce shawarar da zan ba duk wanda ya sayi kundin a ƙasar nan.

Kashi na ƙarshe, takardu biyar daga mujallar Vanity Fair, shi ne mafi kyaun bugu, watakila don na asalin ma da dutse aka buga su da launi, girmansu kuma ya yi kusa da na takardar kundin. A nan zambon ya yi sanyi, mutum ɗaya ne tsaye a shafi, an ɗan ƙara masa girman kai ko lanƙwasar baya. Akwai Samuel Wilberforce na 1869 yana murza hannuwa kamar mai wanke su da sabulu, wanda ya yi daidai da laƙabin mai sabulu da abokan hamayyarsa suka sa masa, shi ne kuma ɗan William Wilberforce da ya yi fafutukar hana cinikin bayi. Akwai Akbishop Tait, da Manning na Katolika, da Arthur Tooth a bayan sandunan kurkuku, limamin da aka ɗaure a 1877 saboda ya ƙi bin umarnin kotu a ƙarƙashin dokar 1874 da ta hana wasu al'adun ibada masu kama da na Katolika a cocin gwamnati. Wanda ɗalibaina suka fi tambaya a kansa shi ne John Colenso, Bishop na Natal a Afirka ta Kudu, wanda tambayoyin wani Bazule mai taimaka masa da fassara, William Ngidi, suka sa ya sake nazarin littattafan farko na Baibul ya wallafa abin da ya jawo masa zargin bidi'a, daga baya kuma ya tsaya wa Zulu a gaban gwamnatin mulkin mallaka. Da shagon ya sa ko da layi uku a bayan takardarsa da ya kyauta.

Abin da ya zo da kundin na bayani shi ne 'yar takarda guda mai jerin sunayen zane-zanen da Turanci, wasu da shekara wasu babu. Ga Baturen da ya tashi da labarin watakila ya isa, ko da yake ina shakka, domin waɗannan zane-zane cike suke da habaicin da ya mutu tare da zamaninsa. Wanda yake so ya cike giɓin ya nufi shafin intanet na Gidan Tarihin Birtaniya, inda aka sa dubban irin waɗannan zane-zane kyauta, da yawansu tare da bayanin Dorothy George, wadda ta shafe shekaru tana tantance kowane mutum da kowace alama a cikinsu har zuwa na shekarar 1832. Can na gano asalin takarduna biyar da aka datse. Wannan kuma ya sa dole a yi tambayar kuɗi. Abin da na biya ya kai kuɗin buhun shinkafa, kuma mai kwamfuta da data zai iya ganin mafi yawan hotunan ba tare da ya biya ko sisi ba. Abin da kuɗin ya saya mini shi ne takarda da za a iya miƙa wa ɗalibi hamsin su zagaya da ita hannu da hannu a ajin da ba wuta ba na'urar haska bango, kuma a wurina wannan ya biya. Wanda yake son su don karatun kansa kawai, ban ga dalilin da zai sa ya saya ba. Wanda yake son su don ado a falo, ina ba shi shawara ya sake tunani, domin baƙon da ya shigo ba zai tsaya jin tarihin 1831 ba kafin ya yanke hukunci a kan abin da ya gani a bango.

Game da jure yanayinmu, takardar ta yi ƙoƙari. Zafin Afrilu da Mayu bai sa ta lanƙwashe ba, tawadar kuma ba ta kama yatsa ko da hannu yana gumi. Jakar kwalin ce ba ta da amfani a nan, domin gefenta a buɗe yake, ƙura tana shiga, kuma da damina ta faɗi sai na ga kusurwarta ta fara laushi. Na kai takardu uku wurin wani dattijo mai sa firam a cikin gari, ya ɗaga ɗaya ya duba ta a haske ya ce: "Allah gafarta Malam, wagga takarda ba ta son rana, in ka rataya ta kusa da taga, kafin shekara jan nan ya tafi." Ya sa musu gilashi ya liƙe bayansu da kyau don kada gara ko ƙura su sami hanya, ya kuma bar tazara tsakanin gilashin da fuskar takardar. Ukun nan, mai fuska biyu da bishop da ƙaramin limami da Colenso, suna jingine a cikin kabad ɗin ofis, ina fito da su ranar darasinsu. Sauran 21 na mayar da su cikin adakar ƙarfe, kowace da farar takarda a tsakaninta da 'yar'uwarta, kuma a bayan kowace na fara liƙa bayani da Hausa na wanda ya zana, da shekarar, da abin da ya faru a makon da aka buga ta. Na gama 14 zuwa yanzu.